An sallame ka daga aikin kwangila a tashar nukiliya don ka yi magana? Ga yadda ake kai ƙara a Amurka

Tun da na taɓo maganar aikin wucin gadi a tashoshin lantarki na nukiliya a Amurka, tambaya ɗaya ce take ta dawowa, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Na ga abin da bai dace ba, na faɗa wa foman, bayan kwana uku aka ce aikina ya ƙare. Ina da ƙara ko ba ni da ita?" Masu tambayar yawanci masu walda ne, da masu haɗa bututu, da leburori, da masu auna tururin nukiliya, irin waɗanda ake ɗiba na sati huɗu ko shida idan an kashe tukunyar tasha don a sauya mata makamashi a yi gyare-gyare. Ana yin wannan duk wata 18 zuwa 24, galibi tsakanin Maris da Mayu ko Satumba da Nuwamba, lokacin da buƙatar wuta ta ja baya. Ma'aikata na kiransa autej.

Kana da ƙara, muddin ka bi hanya kuma ba ka makara ba. Sashe na 211 na dokar tarayya kan tsarin harkokin makamashi da ake kira ERA, wanda lauyoyi ke rubutawa 42 U.S.C. 5851, ya hana a yi wa ma'aikaci bi-ta-da-ƙulli don ya yi magana kan lafiyar nukiliya. Bai tsaya kan ma'aikatan kamfanin da ya mallaki tasha ba, ya haɗa da na ɗan kwangila da na ƙaramin ɗan kwangilar da ke ƙarƙashinsa. Bai kuma ce sai ɗan ƙasa ba.

Sai dai taka ƙarar ta fi ta ma'aikacin dindindin wuya. Shi idan aka kore shi, kowa ya ga kora. Kai kuwa dama aikinka mai ƙarewa ne, ba sai an kore ka ba. Sunanka kawai za a sa a sahun farko na waɗanda za a rage, ko a ƙi kiranka a autej na gaba, a jefe ka a ɓoye hannu. Duk matakan da ke ƙasa, aikinsu fito da wannan hannun fili. Zan riƙa cewa "kai", amma mata masu wannan aiki ma da su nake.

Mataki na 1: Tantance wace irin magana ka yi

Wannan ne ke nuna wace doka ce taka, da kuma kwana nawa gare ka.

Idan maganarka ta shafi lafiyar tukunya, ko tururin nukiliya, ko tsaron tasha, ko takardun ingancin aiki, ERA ce taka, kuma kana da kwana 180. Misali: an ce ka sa hannu a kan duban da ba a yi ba. An ba ka sandar walda wadda lambarta ba ta dace da ta takardar aiki ba. An tura ka wurin da ke da tururi ba tare da izinin aikin ba. Ko an sa ka wuce ƙa'idar awanni, domin dokar NRC, hukumar tarayya mai sa ido kan harkokin nukiliya, ta kayyade wa masu aikin da ya shafi lafiyar tukunya awa 16 a cikin 24, awa 26 a cikin 48, da awa 72 a cikin kwana bakwai. Ƙin yin aikin da ya saɓa wa doka shi ma yana cikin abin da aka kare, da sharaɗin ka gaya wa shugabanka dalilin ƙin.

Ba dole ba ne ya zama ka yi daidai a ƙarshe. Ko da an bincika an ga babu matsala, abin da ake dubawa shi ne ko mai hankali a matsayinka zai yi zaton akwai ta.

Gargaɗi: idan kokenka na lafiyar ma'aikaci ne irin na kowane wurin gini, kamar matakala mai rawa, ko zafi, ko rashin igiyar kariya daga faɗowa, to mai yiwuwa ba ERA ba ce, sashe na 11(c) ne na dokar lafiyar ma'aikata, kuma wa'adinsa kwana 30 ne kacal. Mutane da yawa sun ji "180" sun miƙe ƙafa, ashe nasu 30 ne. Idan maganarka ta taɓa ɓangarorin biyu, yi aiki da 30.

Gargaɗi na biyu: dokar ba ta kare wanda ya karya ƙa'ida da gangan, bisa raɗin kansa, ba tare da an umarce shi ba. Kada ka ce za ka ƙetare shinge don ka nuna musu shingen ba shi da kyau.

Mataki na 2: Mayar da maganar rubutu tun kana ciki

Faɗa wa foman da baki ya isa a idon doka. A gaban alƙali kuwa, foman zai ce bai tuna ba, kuma sau da yawa da gaske yake, don a autej mutum yana kwana yana tashi cikin gudu.

Kowace tasha tana da tsarin shigar da rahoton matsala, wanda suke kira CR. Ma'aikacin kwangila ma yana da ikon shigarwa, ko ta kwamfuta ko ta takarda. Shigar, ka rubuta lambar rahoton a wani wuri naka. Wannan lamba ita ce ginshiƙin ƙararka, domin tana ɗauke da rana da lokaci, kuma tana nuna kamfani ya sani. Sanin nan yana da muhimmanci: dole ka nuna cewa wanda ya yanke hukuncin sallamarka ya san ka yi magana, ko ya yi zargin kai ne. Rahoton da ka shigar ba suna yana kare ka daga ido, amma yana raunana wannan ɓangare. Ka auna da kanka.

Idan foman ya toshe hanya, akwai ofishin koke-koken ma'aikata, ECP, wanda ba ya ƙarƙashin masu kula da aikinka. Akwai kuma sufetocin NRC da ke zaune a kowace tasha, aƙalla biyu, ofishinsu yana nan cikin harabar. Kana da ikon shiga wurinsu ba tare da neman izinin kowa ba. Takardar da ke bayanin wannan haƙƙi, Fom 3 na NRC, dole ne a manna ta inda ma'aikata ke wucewa. Yawancinmu mun wuce ta sau ɗari ba mu karanta ba.

Gargaɗi: ECP na kamfani ne. Suna iya gyara matsala, kuma suna yi, amma duk abin da ka faɗa musu yana iya isa hannun lauyan kamfani. Faɗi gaskiya tsagwaronta, ban da ƙari, ban da zagi.

Mataki na 3: Tara shaida, amma ka san abin da ba a ɗauka

Sayi ƙaramin littafi. Duk ranar da wani abu ya faru, kafin ka kwanta a ɗakin otal ɗinka, rubuta shi. Ga irin yadda ya kamata shafin ya kasance:

"Talata, aikin dare, wajen ƙarfe 2:15. Na gaya wa foman lambar sandar waldar da aka ba mu ba ita ce a takardar aiki ba. Ya ce in ci gaba, lokaci ya ƙure, za a gyara takarda da safe. Na ce ba zan ɗora ba sai an kira mai duba inganci. Mutum biyu na tsaye, abokin aikina da mai gadin wuta. Ƙarfe 4 na shigar da CR. Laraba, an mayar da ni share fili."

Ka lura babu "azzalumi", babu "na san nufinsa". Wa, me, ina, yaushe, wa ya ji. Rubutun da aka yi a ranar ya fi abin da za ka tuno bayan shekara nauyi nesa ba kusa ba.

Bayan littafin, adana waɗannan: takardar ɗaukarka aiki, musamman inda aka faɗi ranar da ake sa ran gamawa; saƙonnin waya da imel tsakaninka da mai ɗaukar ma'aikata; takardun albashi da ke nuna awanni da kuɗin guzuri; takardun shaidar ƙwarewarka; da duk wani yabo da aka taɓa yi maka a rubuce. Rubuta jerin autej ɗin da ka yi wa wannan kamfani a shekarun baya. Idan shekara biyar suna kiranka duk kaka, sai bana suka yi shiru, wannan jerin ya yi magana.

Abin da ya fi komai amfani ga ma'aikacin wucin gadi shi ne kwatanci. Su wa aka rage tare da kai? Su wa aka bari? Wanda aka bari ya fi ka daɗewa ko ƙwarewa? Bayan tafiyarka an kawo wani ya ci gaba da aikin da kake yi? Karɓi lambobin wayar abokan aikinka tun kuna tare. Da an gama autej kowa zai watse, wani Jojiya, wani Tekzas, kuma ba za ka same su a ofis ba.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka fita da takardun tasha, kada ka ɗauki hoto a inda aka hana, kada ka tura wa kanka fayil daga kwamfutar aiki. Bayanan tsaron tasha suna da dokarsu ta daban, kuma taɓa su kaɗai ya isa ya ba kamfani halastaccen dalilin korarka, ya kuma ci bajinka, wato katin izinin shigarka tasha. Rubuta lambar takarda da ranarta, daga baya lauya zai nemo ta ta hanyar shari'a. Haka naɗar murya a ɓoye: a jihohi irin su Kalifoniya, Fulorida, Pensilbaniya da Ilinoi, sai kowa ya yarda, in ba haka ba laifi ne.

Mataki na 4: Ranar sallama

Yawanci ba wani taro ake kira ba. Foman zai tare ka a ƙarshen aiki ya ce sunanka ya fito a jerin ragi, ka je ka miƙa baji da na'urar auna tururi, ka shiga injin auna jiki na fita. Cikin awa guda kana wurin ajiye motoci.

Kafin ka fita, yi tambaya uku cikin natsuwa. Mene ne dalilin sallamar, kuma za a ba ni shi a rubuce? Wa ya yanke hukuncin, ɗan kwangila ko masu tasha? Yaya aka rufe izinin shigata, lafiya lau ko da tabo?

Tambaya ta uku ita ce rayuwar sana'arka. Tashoshin Amurka suna da rumbun bayanai guda da suke dubawa kafin su ba mutum izinin shiga ba rakiya, ana kiransa PADS. Idan aka rufe izininka da tabo, ko aka hana ka shi, kowace tasha za ta gani. Dokar NRC mai lamba 10 CFR 73.56 ta ce dole a gaya maka dalili, a ba ka damar kawo ƙarin bayani, kuma wani daban ya sake duba hukuncin. Wa'adin neman wannan dubawa gajere ne, yana cikin takardar da za a ba ka. Nema nan take, a rubuce. Kuma idan wata tasha ta tambaye ka ko an taɓa hana ka izini, faɗi gaskiya. Ɓoyewa ta fi tabon illa.

Gargaɗi: idan aka miƙo maka takardar yafe haƙƙi, ko da da ɗan kuɗi a gefe, ce za ka tafi da ita ka karanta. Kada kuma ka rubuta takardar ajiye aiki don an ce hakan "ya fi maka kyau". Wanda ya tafi da ƙafarsa, sai ya fara shawo kan alƙali cewa tura shi aka yi.

Mataki na 5: Lissafa kwana 180 da yatsa

Nan ne ƙararraki masu kyau suke mutuwa. Ana fara ƙirga daga ranar da aka sanar da kai hukuncin, ba ranar da ka yi aikin ƙarshe ba, ba ranar da albashin ƙarshe ya shigo ba. Idan an gaya maka ranar 10 ga Afrilu, kwana 180 sun cika ranar 7 ga Oktoba. Wanda ya ce "wata shida ne" ya jira 10 ga Oktoba, ya makara da kwana uku.

Babu abin da ke tsayar da wannan ƙirga cikin abubuwan da mutane ke zato. Koken da ka kai ƙungiyar ƙwadago bai tsayar ba. Binciken ECP bai tsayar ba. Zuwa NRC bai tsayar ba. Alkawarin mai ɗaukar ma'aikata cewa "za mu kira ka a Satumba" bai tsayar ba, kuma shi ne ya fi yaudara, don Satumba na zuwa kwanakin sun kusa ƙarewa.

Kowane sabon aikin ramuwa yana da nasa ƙirgen. Idan ka nemi aikin autej na gaba aka hana ka, wannan sabon abu ne, ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago masu aiwatar da dokar sun kuma ambaci sa mutum a baƙin littafi ƙarara. Amma sai ka nemi aikin da gaske, a rubuce. Zama a gida kana jiran waya ba nema ba ne. Kuma sabon ƙirge ba ya farfaɗo da tsohuwar sallamar da wa'adinta ya wuce.

Mataki na 6: Shigar da ƙara a OSHA

Ƙarar tana zuwa hukumar OSHA ta Ma'aikatar Ƙwadago, ba NRC ba. Kyauta ce. Babu wani fom na dole. Kana iya shigarwa ta shafin whistleblowers.gov, ko ta wasiƙa, ko ta na'urar faks, ko ka je ofishinsu, ko ka kira 1-800-321-6742. Ƙa'idar ta ce wanda ba zai iya da Turanci ba ya shigar da kowane harshe, wato ko da Hausa ka rubuta dole a karɓa. Ni dai shawarata ka yi a rubuce, ka ajiye shaidar ranar da ka aika.

Abu huɗu za ka nuna, kuma ka jera su a bayyane: ka yi maganar da doka ta kare, kamfani ya sani, an yi maka abin da ya cutar da aikinka, kuma yanayin ya nuna maganar tana da hannu a ciki. Kusancin lokaci kaɗai yakan isa a wannan matakin farko. CR ranar Talata, share fili ranar Laraba, sallama ranar Juma'a. Shafi biyu ko uku sun isa. Kada ka cika shi da tarihin duk wanda ya taɓa ɓata maka rai.

Gargaɗin da ya fi shafar ɗan wucin gadi: ambaci sunan kowane kamfani da ke da hannu. Wanda ke biyanka albashi, babban ɗan kwangilar da ke samansa, da kamfanin da ya mallaki tasha. In ba haka ba za su yi ta jefa wa juna. Naka zai ce masu tasha ne suka ce a cire ka, masu tasha su ce ba ma'aikacinsu ba ne kai. Shari'ar injiniya Walter Tamosaitis ta nuna fuska biyu na wannan. A wurin sarrafa sharar nukiliya na Hanford da ke jihar Washinton yake aiki, ba tashar lantarki ba, amma dokar ɗaya ce. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce kamfaninsa ba zai fake da cewa abokin kwangila ne ya nemi a cire shi ba, idan ya san dalilin ramuwa ne ya kuma bi. Amma kotun ta fitar da waɗanda ba a sa sunansu a ƙarar da wuri ba. Daga baya an sasanta kan dala miliyan 4.1. Kada wannan adadi ya ruɗe ka, shi babban manaja ne mai shekaru da yawa a kamfanin. Darasin sunayen ne naka.

Ka kuma sani wannan ƙara ba a ɓoye ake yin ta ba. Kamfani zai sami kwafi da sunanka.

Mataki na 7: Sanar da NRC daban

Aikin hukumomin biyu ya bambanta. OSHA ce ke iya dawo maka da aiki da kuɗi. NRC ba ta ba ka ko sisi, amma ita ce ke duba matsalar da ka gani tun farko, kuma tana iya hukunta tasha ko ɗan kwangila a ƙarƙashin dokarta mai lamba 10 CFR 50.7. Layin da ake kai mata rahoto shi ne 1-800-695-7403, ko ka bi ta sufetan da ke tashar.

Idan ta ga ƙararka tana da tushe, takan ba da damar sulhu tun kafin bincike, ita ce kuma ke biyan mai shiga tsakani. Ga wanda abin da ya rasa albashin sati uku ne da kuma sunansa, wannan hanya takan fi sauri ƙwarai. Sai dai idan kun sasanta a nan, NRC ba za ta binciki ramuwar ba. Kuma ina sake faɗa, zaman sulhun bai tsayar da kwana 180 ba. Shigar da ta OSHA tukuna, sannan ka zauna teburi.

Mataki na 8: Binciken OSHA

Mai bincike zai yi hira da kai. Kamfani yana da kwana 20 ya kawo martani, kuma kusan kullum martanin ɗaya ne: aiki ya ragu, an rage mutane da yawa, shi ma yana ciki. Wani lokaci su ƙara da latti ɗaya da ka yi a sati na farko wanda ba wanda ya ce uffan a kansa sai yanzu.

Ma'aunin shari'ar yana gefenka fiye da yadda mutane suka sani. Ba a ce ka nuna maganarka ce kaɗai dalili ba, ko ita ce babba. Ka nuna tana cikin abubuwan da suka taimaka, ko da kaɗan. Da ka yi haka, nauyi ya koma kan kamfani ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa ko ba ka yi magana ba, da a wannan rana zai sallame ka. Nan ne kwatancin da ka tara zai yi aiki. Idan jerin ragin an tsara shi tun kafin CR ɗinka, kamfani ya tsira. Idan an ƙara sunanka da biro bayan CR, ko an bar sabon shiga an cire ka, labari ya sha bamban. Nemi mai binciken ya tambayi jerin na asali da ranar da aka tsara shi.

A takarda, binciken na kwana 30 ne. A zahiri yakan ci watanni da yawa. Idan ka sauya adireshi ko lambar waya, abin da ɗan autej ke yi duk bayan sati shida, sanar da su a rubuce. Ana rufe ƙarar wanda aka nema ba a samu ba.

Mataki na 9: Alƙali da abin da ke bayansa

Idan sakamakon OSHA ya fito, duk wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 daga ranar da ya karɓa ya rubuta ƙin amincewa ya nemi zama a gaban alƙalin Ma'aikatar Ƙwadago. In ba wanda ya yi, sakamakon ya zauna. Kada faɗuwa a OSHA ta karya maka gwiwa, domin alƙali daga farko yake fara saurare, kamar ba a yi komai ba. A nan ne ake tilasta wa kamfani fito da imel da jerin ragi, a kuma yi wa foman tambayoyi bisa rantsuwa. Doka ta yarda ka tsaya da kanka, amma ban ba ka shawarar haka ba. Ɗaya gefen lauyoyi ne da wannan ce sana'arsu.

Bayan hukuncin alƙali, kwana 10 na aiki ne kawai a kai ƙorafi hukumar ɗaukaka ƙara ta ma'aikatar, ARB. Bayan ita, kwana 60 zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya.

Akwai wata ƙofa. Idan shekara guda ta cika da shigar da ƙara ba a kai ga hukuncin ƙarshe ba, kuma ba kai ka jawo jinkirin da mugun nufi ba, kana iya ɗauke shari'ar ka kai kotun tarayya ta gunduma a fara sabo. Sai ka ba da sanarwa kwana 15 kafin haka. Kuɗin buɗe fayil a can dala 405 ne.

Mataki na 10: Kuɗi, da abin da za ka iya samu

Babban kashin kuɗi lauya ne, sai kuɗin rubuta tambayoyin rantsuwa da na tafiye-tafiye. Wasu lauyoyi suna karɓar kaso daga abin da aka ci, yawanci kashi ɗaya bisa uku ko sama da haka, wasu kuma da awa suke caji. Tambayi wa zai biya kuɗaɗen gefe idan aka faɗi. Nemi wanda ya taɓa yin shari'ar ERA, ba kowane lauyan ƙwadago ba. Idan ka ci, ana ɗora wa kamfani kuɗin lauyanka, wannan ne ma ke sa wasu su karɓi ƙaramar ƙara.

Abin da doka ta tanada shi ne mayar da kai aiki, albashin da ka rasa, diyyar damuwa da ɓacin suna, da kuɗin shari'a. Babu diyyar horo a ERA, wato ƙarin kuɗin da ake ɗora wa kamfani don a hukunta shi. Ga gaskiyar da ba kowa ke son ji ba: albashin baya na ɗan wucin gadi yawanci yana tsayawa a ranar da aikin zai ƙare dama. Idan saura sati uku autej ya ƙare aka cire ka, sati uku ne, da ƙarin awanninsa. Ƙarar tana yin nauyi ne idan ka nuna an hana ka ayyukan gaba. Shi ya sa jerin shekarun baya da takardun neman aiki suka zama dukiya.

Dole kuma ka ci gaba da neman aiki, don za a cire abin da ka samu a wani wuri, kuma za a rage maka idan ka zauna hannu rabbana. Idan ka nemi kuɗin tallafin marasa aiki na jiha, dalilin da ka faɗa a can ya zama daidai da wanda ka faɗa wa OSHA, lauyan kamfani zai nemo takardar.

Yawancin waɗannan ƙararraki a sulhu suke ƙarewa, kuma dole OSHA ko alƙali ya amince da yarjejeniyar. Duk sharaɗin da ya hana ka kai wa NRC magana haramtacce ne, ko da ka sa hannu. A teburin, kada idonka ya tsaya kan adadi kaɗai. Nemi a gyara dalilin sallama a fayil ɗinka ya koma ragin ma'aikata, a rubuta cewa ana iya sake ɗaukarka, a fayyace abin da za a faɗa wa duk wanda ya kira yana tambaya a kanka, a kuma duba abin da aka shigar a PADS. Karanta a hankali ko akwai layin da ke cewa ba za ka sake neman aiki a kamfanin "da rassansa" ba. 'Yan kwangilar da ke ɗibar ma'aikatan autej ba su da yawa, kuma kamfani ɗaya yana iya mallakar tashoshi a jihohi da dama, don haka kafin ka sa hannu ka sa lauya ya lissafa maka tashoshi nawa wannan layin ya rufe maka.